Yadda Ake Haɗa Allon Yanayi Kafin a Yanka Yadi ko a Yi Jere

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗinki da kwalliyar ɗakin amare a cikin garin Bauchi, kuma asarar da ta fi ƙona mini rai a sana'ar nan kalma biyu ce ta jawo ta: ruwan hanta. Wata Hajiya ce ta zo shagona za ta aurar da 'yarta, ta ce labule da zanen gado da rigunan kujeru duk ruwan hanta take so. Na ce, "To, ranki ya daɗe." Na shiga kasuwa na yanko yadi, na yi kwana huɗu a kan keke. Ranar jere, ana kwance leda sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ɗaga labulen ta ce, "'Yar nan, wannan ai ja ne. Ni mai duhu nake nufi, wanda ya karkata wajen makuba." Ita ba ta yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Ruwan hantar da ke cikin kanta daban, wanda ke cikin nawa daban, kuma babu wadda ta ga na 'yar'uwarta sai da almakashi ya riga ya shiga yadi.

Tun daga ranar ban ƙara karɓar babban aiki ba sai na haɗa abin da masu zane ke kira mudbod, ni kuwa allon yanayi nake ce masa. Allo ne da ake manna masa ƙyallaye, launuka, hotuna da 'yan kayan ado, domin mai aiki da mai yin aikin su ga abu guda da idonsu, su taɓa shi da hannunsu, tun kuɗi bai fita ba. Ba zanen riga ba ne, ba kuma taswirar ɗaki ba. Shi dai yana amsa tambaya ɗaya ce: in an gama aikin nan, yaya mutum zai ji a ransa idan ya gan shi? Tela, mai jere, mai kwalliyar wurin biki, mai buga katin gayyata, mai fentin gida, duk yana yi musu amfani. Da 'yan'uwana mata masu koyo zan yi magana, amma maza ma hanyar ɗaya ce.

Kayan da za ki tanada

Farko dai allon kansa. Farin kwali mai kauri, irin wanda 'yan makaranta ke saya a shagon littattafai, ya wadatar. Idan babu, ki yanka gefen kwalin firji ko na talabijin ki lulluɓe shi da farin yadi ko baƙi. Ni guntun allon sili nake amfani da shi, na ja masa baƙin yadi na ɗaure ta baya, saboda fil yana shigarsa da sauƙi. Kada ki yi amfani da kwali mai launin ƙasa tsirara, domin launinsa zai shiga cikin duk abin da kika ɗora a kai ya ruɗe miki ido.

Sai almakashi biyu, na yadi daban na takarda daban, fil mai kai, allura da zare, salatif, gam, fensir, baƙar maka, da rula. Ki nemi ambulan ko 'yan ledoji na zuba ƙyallaye, da ƙaramin littafi na rubutu. Wayarki ma kayan aiki ce, ko da kyamararta ba ta kai ta kawo ba. In gam ya ƙare miki, ki jiƙa ƙaro da ruwan ɗumi ya kwana, yana kama takarda sosai. Akwai masu dama fulawa ko sitaci su manna da shi, amma ban ba ki shawara ba, kyankyasai da gara za su cinye miki allo kafin damina ta fita.

1. Ki zauna da mai aikin, ki bari ta yi magana

Yawancin masu koyo nan suke fara ɓata aiki, don suna ɗokin nuna abin da suka iya. Ki ajiye hotunanki tukuna. Ki tambaya: wane taro ne, kamu ne, dina ce, walima ce ko buɗar kai? Da rana za a yi ko da dare, a fili ko a cikin ɗakin taro? Nawa aka ware? Sai tambayar da ta fi duka: wa ke da ta cewa? Sau da yawa amarya ce ke zuwa shago, amma uwa ko gwaggo ce ke riƙe da kuɗin, kuma ita za ta ce a'a ranar ƙarshe.

Ki kuma tambaye ta abin da ba ta so. Mutum yana iya yin inda-inda a kan abin da yake so, amma abin da ya tsana nan take zai faɗa miki. Idan ta ambaci launi, kada ki rubuta sunan kawai. Ki ce, "Hajiya, a cikin kayanki akwai mai wannan launin? A ɗan nuna mini." Ruwan hoda kaɗai ya fi kala goma, haka ruwan toka, ruwan goro, ruwan zuma, ruwan madara. Mayafin da za ta ɗauko daga wadirob ya fi bayanin awa guda.

Kafin ki tashi, ki fitar da kalma uku daga hirar, ki karanta mata su ta amince. Misali: natsuwa, sarauta, sanyi. Ko kuwa: ƙuruciya, haske, walƙiya. Idan kalmomin suna faɗa da juna, kamar a ce ana son abu mai sauƙi kuma ana son kowa ya juyo ya kalla, ki warware wannan a nan take, da baki, cikin ladabi. Allo ba zai sasanta abin da mai aikin ba ta yanke a ranta ba.

2. Ki je ki ga wurin

In ɗaki ne, ki je da ƙafarki. Ki duba inda taga ta fuskanta, launin tayil ko ledar ƙasa, fentin bango, da kayan katakon da aka riga aka saya. Waɗannan ba za su canza ba, don haka su ne farkon abin da zai hau allo. Ki ɗau hotonsu da rana. In ɗinki ne, wurin shi ne jikin mai sakawa: launin fatarta, tsayinta, da irin lallen da za a yi mata. Ki tuna kuma da lokacin shekara. Farin labule a gidan da ke bakin titin da ba kwalta, a tsakiyar hunturu, sati biyu zai yi ya koma ruwan ƙasa.

3. Ki tara, ki tara da yawa

A wannan mataki ba a zaɓe, kwasa ake yi. Duk abin da ya ɗan yi kama da kalmominki uku, ki jefa a ambulan. Ni nakan tara abu arba'in zuwa hamsin don allon da a ƙarshe ba zai ɗauki fiye da goma sha biyu ba.

Ki fara da ƙarƙashin kekenki. Ƙyallayen da ake sharewa a zubar kullum da yamma dukiya ce, ki riƙa ware su bisa launi. Daga nan ki shiga kasuwar Wunti ko babbar kasuwa. Mai yadin da kika saba da shi, in kin ce, "Alhaji, a ɗan tsaga mini bakin wannan in nuna wa mai aiki," yawanci zai tsaga. Les mai tsada da shadda irin Getzner da ake kawowa daga Ostiriya, ko atamfar Vlisco ta Holan, waɗannan ba mai yanka miki, kuma bai kamata ki roƙa ba, don turmin atamfa, misali, yadi shida ne, da an taɓa shi ya tashi daga turmi. A nan sai ki ɗau hoto, amma ki fito da yadin bakin rumfa inda rana take, ki ajiye farar takarda a gefensa. Farar takardar ce za ta nuna miki ko waya ta yi ƙarya: idan ta fito shuɗi-shuɗi ko rawaya-rawaya a hoton, to launin yadin ma ya gurɓata. Sannan ki nemi zare ko ribon da ya yi daidai da launin, ki saya ki haɗa da hoton.

Masu sayar da fenti suna da takardar launuka, ki nemi tsohuwa. Masu buga kati suna zubar da guntayen takarda masu kyau. Tsofaffin kalanda da mujallu, zif, maɓalli, duwatsun ado, guntun igiyar labule, ɓallin tayil, duk ki kwasa.

Amma abin da na fi so ki ji shi ne wannan: ki ɗaga kai daga waya ki kalli garinku. Duk wadda ta buɗe Instagram hotuna iri ɗaya take gani da 'yar Kano da 'yar Legas, shi ya sa ɗakunan amare suka koma kamar a injin guda aka buga su. Ki je ƙofar fadar Sarkin Bauchi ranar hawan Sallah ki kalli kayan dawakai, yadda ja da kore da ruwan ɗorawa suke zama wuri guda ba tare da sun yi hayaniya ba, saboda farin rawani da farar riga suna raba su. Ki kalli ruwan Wikki a Yankari, shuɗi ne da ya sha kore, ga farin yashi a ƙasa, ga duhun ganye a sama. Ki kalli duwatsun hanyar Dass da la'asar sakaliya, toka-toka da ruwan zuma. Wani allo da na fi alfahari da shi daga faifan kakata ya fito. Tsohon faifai ne na rufe ƙwarya, an saƙa shi da kaba, zobe baƙi, zobe ja mai duhu, sai zallar launin kabar da ya tsufa ya koma kamar man shanu. Na ajiye shi a tsakiyar allo na bi launukansa uku ɗaya bayan ɗaya, amaryar tana gani ta ce, "Anti, wannan kamar ɗakin Inna." Ba ta sake duba wani ba.

Gargaɗi biyu a kan hotunan mutane. Idan kin ciro hoton wata sanye da riga, ki yanke fuskar. Mai aiki takan zaɓi kyan fuskar ne tana zaton rigar ta zaɓa, ranar gwaji kuma ta ce ba haka ta gani ba. Na biyu, kada ki manna hoton amaryar da kika taɓa yi wa aiki sai da izininta.

4. Tankaɗe da rairaya

Ki shimfiɗa farin zane a ƙasa, ki zazzage komai. Ki rubuta kalmominki uku a takarda ki ajiye a gabanki. Ki ɗauki abu ɗaya-ɗaya ki tambayi kanki wace kalma yake yi wa aiki. Wanda ba ki samu amsa ba, ki mayar ambulan ko da ya fi duka kyau. Zai yi miki ciwo, musamman in ke ce kike son abin, amma allon ba naki ba ne. Idan abu biyu suna faɗin magana ɗaya, ɗaya ya isa. Haka kuma ki cire duk abin da kuɗin mai aikin ba zai kai ba, da wanda ba a samunsa sai an yi oda daga waje alhali biki saura sati uku. Nuna wa mutum abin da ba zai samu ba zalunci ne, domin duk abin da kika kawo masa daga baya zai raina.

5. Ki tsayar da launuka da rabonsu

Launi uku zuwa biyar sun isa. Masu kwalliyar ɗaki suna da ƙa'idar da suke bi: kashi 60 babban launi, kashi 30 mai taya shi, kashi 10 na ƙawa. A ɗaki, babban shi ne bango da labule, mai tayawa kujeru da zanen gado, na ƙawa kuwa filo da fulawa da firam. A kayan amarya, babban shi ne les ɗin, mai tayawa mayafi ko ashoke, na ƙawa jaka da takalmi da sarƙa. Ba doka ba ce, amma mai koyo ta riƙe ta har idonta ya buɗe.

Kuskuren da na fi gani shi ne a yanka ƙyallaye duk girma ɗaya a jera. Wannan yaudara ce. Ruwan gwal da ya yi kyau a girman akwatin ashana, idan ya rufe bango guda sai ya hana mutum barci. Ki yanka babban launi kamar tafin hannu biyu, mai tayawa kamar tafin hannu ɗaya, na ƙawa kamar yatsa biyu, yadda ido zai ga rabon tun a kan allo.

Rikicin sunan launi ba mu kaɗai ya dama ba. Masu ɗab'i a Amurka sun sha fama da shi, har a 1963 Lawrence Herbert ya fitar da tsarin Pantone, inda kowane launi yake da lambarsa, mai zane ya faɗi lamba, mai buga takarda ya haɗa tawada daidai da ita. Littafin nasu yana da tsada, kuma a kasuwarmu ba da lamba ake sayar da yadi ba. Namu Pantone ɗin shi ne ƙyalle: ki yanka shi biyu, rabi a allo, rabi a jakarki.

Kada ki manta da taɓi. Karan-miski da satin masu launi ɗaya ba abu ɗaya ba ne, ɗaya yana shanye haske, ɗaya yana mayar da shi. Ki haɗa mai sheƙi da marar sheƙi, mai laushi da mai kaushi. In komai yana walƙiya, babu abin da zai fito.

6. Ki jera, amma kada ki sa gam

Abin da ya fi ɗaukar ma'anar aikin, ko hoto ne ko faifai ko les, shi ne zai zauna a tsakiya ko ɗan sama kaɗan, kuma ya fi kowa girma. Sauran su kewaye shi. Abubuwan da za su haɗu a zahiri, su taɓa juna a allo: ƙyallen labule ya hau kan launin bango, mayafi ya hau kan les, shafin riga ya shiga ƙarƙashin yadinsa don a ga yadda yake sauya shi. Ki bar fili tsakanin rukuni da rukuni, allon da ya cika maƙil ba ya karantuwa.

Duk wannan da fil za ki yi. Akwai wani masanin tarihin zane ɗan Jamus, Aby Warburg, da ya yi shekarunsa na ƙarshe a birnin Hambog yana jera hotuna a kan alluna da aka lulluɓe da baƙin yadi. Ba tela ba ne, ba kuma mai kwalliya ba, bincike yake yi a kan yadda siffofi suke yawo daga zamani zuwa zamani. Bai manne hotunan ba. Yakan jera, a ɗau hoton allon, ya sake sauya musu wuri ya ga me sabon maƙwabtaka zai faɗa masa. Ya rasu a 1929 ya bar alluna 63 ɗauke da hotuna kusan dubu, aikin bai ƙare ba. Allunan kansu sun ɓace, hotunan da aka ɗauka ne suka rage, suna cibiyar da ke ɗauke da sunansa a Landan. Masu zane da yawa suna kallonsa a matsayin kakan wannan allo namu. Ni abu biyu na ɗauka daga gare shi: baƙin yadi, da ɗaukar hoto kafin a taɓa komai. Ki jera, ki ɗauka, ki wargaza, ki sake jerawa, sau uku ko huɗu. Sannan ki jingine allon a bango ki tafi ki kwana. Da safe, kallon farko da za ki yi masa daga bakin ƙofa, shi ne zai gaya miki abin da ya yi yawa.

7. Ki gwada shi a haske

Wannan mataki gajere ne amma kada ki tsallake. Ki fita da allon inuwa da hantsi. Ki dawo da shi ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, sannan mai ruwan ɗorawa in akwai. Ki kashe wuta ki ɗau hotonsa da filashin waya. Yadi biyu suna iya zama launi ɗaya da rana su rabu da dare, domin rininsu ba ɗaya ba ne. Shuɗi mai duhu yakan koma baƙi a wurin dina, ruwan madara kuma ya koma fari fat a hoto. Hasken da za a yi taron a cikinsa shi ne alƙali.

8. Ki manna, ki rubuta

Yanzu ne lokacin gam. Takarda da hoto ki sa musu gam kaɗan a kusurwa. Ƙyalle kuwa kada gam ya taɓa shi, yana ratsawa ya bar tabo ya sauya launi. Ki ɗinke shi da zare ta sama kawai, ki bar ƙasan yana reto yadda za a iya ɗagawa a murza. Abu mai nauyi kamar ɓallin tayil, ki huda allo ki ɗaure shi.

Sai rubutu, wanda shi ne rabin amfanin allon. A gefen kowane abu ki sa lamba da fensir. A bayan allo ko a littafinki ki rubuta: lamba kaza, sunan yadi, rumfar da aka gan shi, kuɗin yadi ɗaya a ranar, yadi nawa ake bukata, da inda zai shiga. Wata Baturiyar Ingila, Barbara Johnson, ta fara irin wannan tun tana 'yar shekara takwas a 1746, ta ci gaba har 1823. Duk rigar da aka ɗinka mata sai ta maƙala ƙyallenta a littafi da fil, ta rubuta sunan yadin, kuɗinsa, yawansa, wani lokaci har da dalilin ɗinkin, ko biki ko makoki, tana kuma liƙa hotunan kwalliyar zamanin a gefe. Littafin yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da ƙyallaye sama da ɗari. Da ƙyallayen kaɗai ta bari ba rubutu, da tsumma ne kawai. Ki sa kwanan wata, domin farashin yau ba shi ne na wata mai zuwa ba, kuma ki faɗa wa mai aikin haka.

A can sama ki rubuta kalmomin nan uku da maka. Ban da su, kada ki cika fuskar allo da rubutu.

9. Ki kai wa mai aikin

Kada ki wuce allo biyu. Uku ko huɗu suna raba hankali, sai a ce miki a ɗauko labulen wannan a haɗa da kujerar wancan, a ƙare da abin da ba kowa ya zaɓa ba. Ki tabbata wadda ke da ta cewa tana wurin. In Hajiya ba za ta samu zuwa ba, ke ki ɗauki allon ki hau keke-napep ki same ta gida.

Ki jingine shi ki yi shiru. Ki kalli inda idonta ya fara sauka da abin da hannunta ya fara taɓawa. Bayan nan ki tuna mata kalmomin da kuka yarda a kansu, ki bi rukunin ɗaya bayan ɗaya. Mutanenmu suna da kunya, da wuya a ce miki "ban so" kai tsaye, sai dai ki ji "ai ba laifi" ko "duk yadda kika gani." Dabarar da nake yi ita ce in miƙa mata fil guda biyar in ce, "Hajiya, a soka a kan waɗanda suka fi kwanta miki." Abin da bai samu fil ba na gane. Dabarar ma tsohuwa ce. A fadar Faransa, akan kawo wa sarauniya Marie Antoinette littafi da safe wanda aka manna ƙyallayen rigunanta a ciki, ita kuma ta soka fil a kan waɗanda za ta saka a ranar. Littafin shekarar 1782 yana nan a ma'ajiyar tarihin ƙasar.

Idan an nemi gyara, ki yi shi a gabanta in zai yiwu, ki ciro daga ambulan ɗin abubuwan da kika ware. In an amince, ta sa hannu a bayan allo, ki ɗau hotonsa ki tura mata ta WhatsApp da saƙon cewa wannan ne aka tsaya a kai. Sai bayan nan ki karɓi kuɗin sayayya, kuma ki je kasuwa a cikin kwana ɗaya ko biyu, don yadin da kika gani ranar Litinin yana iya ƙarewa kafin Juma'a. Saboda haka nakan tanadi na biyu ga kowane babban yadi, in nuna shi tun a zaman nan.

10. Idan mai aikin tana nesa

Amarya tana karatu a Zariya ko tana aiki a Abuja, dole a koma waya. Pinterest, wanda aka buɗe a 2010, asalinsa wannan allon ne aka mayar cikin intanet, har sunansa daga fil, wato pin da Turanci, aka samo shi. Yana da kyau wajen tarawa: ki buɗe allo na sirri ki gayyace ta ku riƙa zubawa tare. Wajen jerawa kuwa Canva, wata manhajar haɗa zane da ta fito daga Ostireliya a 2013, ta fi sauƙi, kuma ta kyauta ta isa. In data ta yi ƙaranci, ki haɗa allon hannu ki ɗau hotonsa a inuwa, shi ke nan.

Matakan duk ba su canza ba, har da rairaya, wadda ta fi wuya a waya don wuri ba ya cika. Amma ki sani gilashin waya da haske yake haɗa launi, yadi kuwa da rini, kuma wayarki da tata ba lallai su nuna abu ɗaya ba. WhatsApp ma yana matse hoto, sai dai ki tura shi a matsayin fayil. Saboda haka ban taɓa yarda a tsayar da launi ta waya kaɗai ba. Yanayi da fasali a amince ta waya, launi kuwa in zuba ƙyallaye masu lamba a ambulan in kai tasha a ba direba. Kuɗin motar bai kai kuɗin yadi ɗaya ba. Haka in anko ne: kowace ƙawar amarya da ke wani gari a aika mata ƙyalle, ba hoto ba.

11. Allon ya zauna inda ake aiki

Bayan an amince, kada ki jefa shi bayan wadirob. Ki rataye shi a gaban keke, inda ke da yaran shago za ku riƙa ganinsa. Duk ƙaramin zaɓin da zai taso, launin zare, irin maɓalli, faɗin leshin baki, ki kai shi jikin allo ki gwada kafin ki yanke. Rabin ƙyallayen da kika ajiye a jaka, ki ɗinke su a ƙaramin kati, da shi za ki shiga kasuwa. Ki ba mai fenti irinsa, ki ba kafinta, ki ba mai buga kati, kuma mai fenti ya shafa kaɗan a bango ya bushe ki gani kafin ya buɗe sauran bokitai, domin fenti yana sauya launi in ya sha iska.

In ana tsakiyar aiki aka bugo aka ce an ga wani abu a bikin wance a ƙara, ki ce a bari ki ɗora shi a kan allo tukuna, ki tura hoton. Wani lokaci yana shiga, sai ki rubuta ƙarin kuɗin da kwanan wata a baya. Wani lokaci kuma mai aikin da kanta za ta ce a bar shi.

Ranar jere ki tafi da allon. Idan an gama, ki ɗau hoton ɗakin daga bakin ƙofa, ki wanke shi ki manna a bayan allo kusa da sa hannun. Sannan ki zura allon a babbar leda, ki jefa ƙwayar kafur biyu a ciki saboda asu, ki rubuta wata da shekara a jikin ledar, ki jingine shi a tsaye a kan kanta, nesa da ƙasa da kuma bangon da ke tsatsafo da damina.